Gidan Kennedy ko gidan Bush, wanne ya kamata ki ɗauka?

Ƙanwata da ke ajin ƙarshe a sashen kimiyyar siyasa ce ta kira ni daren Juma'a, wai Yaya malamin da ke duba furojet ɗina ya amince da taken amma ya ce ba zai yarda in haɗa gida biyu ba, in zaɓi ɗaya, ko Kennedy ko Bush, in bi yadda mulki ke zagayawa a cikin gidan da kuma rawar da matansu suka taka. Tun daga muryarta na gane zuciyarta na kan Kennedy, dama kusan kowa can yake fara karkata. Na ce ta ba ni kwana biyu. Toh ga amsar nan ƙanwata, na rubuta ta da tsawo saboda na san akwai irinki da yawa, wasu furojet, wasu muhawara a makaranta, wasu kuma kawai suna son su san inda za su fara karatu.

Kafin komai ki riƙe wannan, duk abubuwan biyu da za ki bincika babu su a kundin tsarin mulkin Amurka. Kundin ma hana ba da sarautar gado ya yi ƙarara, kuma ko sau ɗaya bai ambaci matar shugaban ƙasa ba. Ba a zaɓenta, ba a rantsar da ita, ba ta da albashi ko sisi, sai a 1978 lokacin Carter ne majalisa ta yi dokar da ta ba da damar a ware kuɗi da ma'aikatan da za su taimaka mata. Kinga kenan ba a littafin doka za ki samo amsarki ba, sai kin bi kuɗi, kin bi suna, kin bi su waye ke shiga gidan suna fita. Shi ya sa tambayar da na yi wa kaina ita ce wane gida ne ya fi barin sawun da ɗaliba za ta iya bi ta nuna wa malaminta da hujja.

Bari in fara da wanda kike so. Tushen gidan Kennedy shi ne Joseph Kennedy, jikan 'yan ci-rani daga Ailan, ɗan Katolika a Boston a zamanin da manyan garin ke kallon irinsu a wulaƙance. Ya tara dukiya a kasuwar hannun jari da kamfanonin fim, da shigo da giya bayan an ɗage haramcinta a 1933, Roosevelt ya naɗa shi shugaban farko na hukumar kula da kasuwar hannun jari a 1934, sannan jakada a Ingila daga 1938 zuwa 1940, inda ya ɓata rawarsa da tsalle domin ya riƙa nuna Ingila ba za ta iya da Hitler ba. Daga nan tashi siyasar ta mutu, sai ya juye burin kan 'ya'ya. Matarsa Rose kuwa 'yar magajin garin Boston ce, John Fitzgerald, wato shi ya kawo kuɗi ita ta kawo siyasa, suka haifi 'ya'ya tara. Babban ɗan, Joe, shi aka shirya wa kujerar, jirginsa ya fashe a sama a 1944 lokacin yaƙin duniya na biyu, sai nauyin ya faɗo kan John.

Akwai abubuwa biyu a wannan gida da wallahi ko ni da zan ba ki shawarar ɗaya gidan ba zan iya rainawa ba. Na farko zaɓen sanata na 1952, John ya kara da Henry Cabot Lodge, wanda shi ma ɗan babban gidan siyasa ne, kuma a shekarar Eisenhower na jam'iyyar Republican ya lashe jihar Massachusetts, amma duk da haka John ya ci da ratar ƙuri'a kusan 70,000. Me ya taimaka? Rose da 'ya'yanta mata suka riƙa shirya liyafar shan shayi gari gari, ana aika wa matan talakawa katin gayyata da sunansu, su ci kwalliya su zo su gaisa da ɗan takara da mahaifiyarsa hannu da hannu, dubban mata suka halarta. Matan gidan ne suka yi wannan aikin ba 'yan jam'iyya ba. Na biyun ya fi ma daɗin rubutawa. Da John ya ci shugaban ƙasa a 1960 kujerarsa ta sanata ta zama babu kowa, autansu Ted kuma bai kai shekara 30 da doka ta ce ba, sai aka sa gwamnan jihar ya naɗa Benjamin Smith, abokin John da suka yi ɗaki ɗaya a jami'a, ya ɗana kujerar shekara biyu bai nemi zarcewa ba, Ted na cika 30 a 1962 ya fito. A muhawarar fidda gwani abokin karawarsa Edward McCormack ya faɗa masa a gaban jama'a cewa da sunansa Edward Moore ne kawai babu Kennedy a ƙarshe da takararsa abin dariya ce. Maganar ta yi zafi har ta sa mutane suka tausaya wa Ted, ya ci, kuma ya zauna kan kujerar nan har ya rasu a 2009, kusan shekara 47. Ki haɗa da Robert da yayansa ya ba ministan shari'a yana ɗan shekara 35, wanda bayan haka a 1967 majalisa ta yi dokar hana jami'in gwamnati, har da shugaban ƙasa, naɗa ɗan uwansa a ma'aikatar da ke ƙarƙashinsa. Daga 1947 zuwa 2011 kusan ba a taɓa rasa ɗan Kennedy a wata babbar kujera a Washington ba.

Sai Jacqueline matar John, wadda na san ita ce ta ja ki. Shekararta 31 ta shiga Fadar White House da yara ƙanana biyu, ɗaya ma jariri ne da aka haifa makonni kaɗan bayan zaɓe. Ba ta son kamfen, ba ta son 'yan jarida su matsa wa yaranta, amma ta fi kowa sanin abin da hoto ke yi wa zuciyar mutane. Ta tarar da fadar cike da tarkacen kujeru marasa tarihi, ta kafa kwamiti, ta shiga ɗakunan ajiya da kanta tana tono kayan tsofaffin shugabanni, ta kafa ƙungiyar tarihin fadar a 1961, sannan ranar 14 ga Fabrairu 1962 ta zagaya da kyamarar talabijin ɗaki ɗaki miliyoyin mutane na kallo. Tana jin Faransanci sosai, da suka je Paris a 1961 jama'a suka fi rububinta fiye da mijin har shi da bakinsa ya gabatar da kansa a matsayin mutumin da ya rako Jacqueline Kennedy. A 1962 ta je Indiya da Pakistan ba tare da shi ba.

Amma babban aikinta a kwana bakwai ta yi shi. Ranar 22 ga Nuwamba 1963 aka harbe mijinta a Dallas tana zaune gefensa a mota, jininsa ya ɓata mata riga, aka ce ta canza ta ƙi, ta ce bari su ga abin da suka aikata, da rigar nan ta tsaya gefen Lyndon Johnson ana rantsar da shi a cikin jirgi. A daren ta sa aka binciko yadda aka yi jana'izar Lincoln a 1865 aka kwaikwaya, ta taka a ƙasa bayan gawar, De Gaulle da Sarki Haile Selassie na biye, ɗanta John da ya cika shekara uku a ranar ya ɗaga hannu ya sara wa akwatin babansa. Bayan sati ɗaya ta kira ɗan jarida Theodore White na mujallar Life ta ba shi kalmar Camelot, wato fadar wani sarkin almara na Ingila mai adalci wadda ta haska na ɗan lokaci ta shuɗe, kuma har yau da wannan sunan ake kiran mulkin. Mace 'yar shekara 34 cikin takaba ita ta zana yadda duniya za ta tuna mijinta, kuma duk ɗan Kennedy da ya tsaya takara bayan nan daga wannan jarin ya ci. Ni dai duk lokacin da na ga hoton nan na cikin jirgi sai jikina ya yi sanyi.

Toh ina matsalar? Matsalar ita ce gidan Kennedy shugaban ƙasa ɗaya ya fitar, shi ma shekara biyu da wata goma ya yi. Robert an harbe shi a Los Angeles a watan Yuni 1968 yana tsakiyar neman tikiti. Ted kuma a 1969 motarsa ta faɗa ruwa a Chappaquiddick wata matashiya Mary Jo Kopechne ta mutu a ciki, bai kai rahoto ba sai washegari, wannan tabon bai taɓa gogewa ba, da ya nemi ƙwace tikiti daga hannun Carter a 1980 ya sha ƙasa. Saboda haka in tambayarki ita ce yaya mulki ke wucewa daga uba zuwa ɗa, a gidan Kennedy ba za ki ga ya wuce ba, niyya za ki gani da shiri sannan mutuwa ta yanke. Kuma mutuwar tana haɗiye rubutu, na rantse miki za ki fara da siyasar gado ki tsinci kanki shafi goma kina kan waye ya kashe Kennedy, ko CIA ce ko 'yan mafiya ko Kyuba, ramin da ba shi da ƙasa kenan kuma YouTube cike yake da masu tura mutum ciki. Sannan matar shugaban ƙasa ɗaya tak kike da ita, ba ki da wadda za ki gwada ta da ita a cikin gidan.

Yanzu gidan Bush. Na san me za ki ce, kuma ba ke kaɗai ba, mu da muka ga 2003 da wayonmu ba mu manta yadda aka afka wa Iraƙi da sunan makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba, aka kashe bayin Allah ba adadi, ga Abu Ghraib ga Guantanamo. Ni ma har gobe raina na ɓaci in na tuna. Amma ba cewa aka yi ki zaɓi gidan da kike ƙauna ba, cewa aka yi ki bincika, likita ma ai ba lafiyayye yake nema ya koyi aiki a kansa ba.

Kakan, Prescott Bush, ma'aikacin banki ne a Wall Street, ya yi sanatan Connecticut daga 1952 zuwa 1963. Ɗansa George babba ya tuƙa jirgin yaƙi aka harbo shi a tekun Pasifik a 1944 ya tsira, ya gama Yale, ya kwashi iyali ya koma Texas a 1948 ya shiga harkar mai da jarin dangi da abokan uba. Abin da ya sa nake son wannan gida don bincike shi ne suna faɗuwa zaɓe amma ba sa faɗuwa ƙasa. George babba ya nemi sanata a 1964 ya faɗi, ya yi ɗan majalisar wakilai zango biyu, ya sake neman sanata a 1970 ya sake faɗi, wani da tuni an manta da shi, shi kuwa sai Nixon ya ba shi jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya, daga nan shugaban jam'iyya a tsakiyar badaƙalar Watergate, daga nan wakilin Amurka a Beijing, daga nan shugaban CIA a 1976, ya nemi tikiti a 1980 Reagan ya kayar da shi kuma ya ɗauke shi mataimaki, shekara takwas, sannan ya zama shugaban ƙasa a 1989. Kowane mataki akwai wanda ya miƙa masa hannu kuma za ki iya nuna sunansa. Wannan shi ne abin da malaminki ke so ya gani.

Kuma a nan ne matarsa Barbara ta shigo, matar da mutane ke ɗauka kaka ce kawai mai farin gashi da sarƙar lu'ulu'un roba. Sun yi aure a Janairu 1945, suka yi shekara 73 tare, ta yi ƙaura da yara daga gida zuwa gida kusan sau 30. A 1953 'yarsu Robin ta rasu da sankarar jini tana shekara uku, George ƙarami na da shekara bakwai lokacin, shi ya zama mai ɗebe wa uwar kewa, shi ya sa duk wanda ya san gidan ke cewa halinta ya ɗauko da kaifin bakinta ba na uban ba. Tun suna Texas take ajiye katuna a akwati, kowane kati sunan mutum ne da adireshinsa da sunan matarsa da yaransa da inda aka haɗu, duk Kirsimeti a aika masa gaisuwa, shekara da shekaru har katunan suka kai dubbai. Ki tsaya ki yi tunanin wannan akwatin. Mace zaune a teburin cin abinci tana gyara adireshin wanda ya tashi daga unguwa, tana ƙara sunan jaririn da aka haifa wa wani. Ranar da mijin ya tashi neman kuɗin kamfen waɗannan mutanen aka rubuta wa, ranar da 'ya'yan suka tashi su ma nan aka koma. Zumunci ne, amma zumuncin da aka rubuta aka adana har ya zama jari.

Ki dubi yadda ya yi aiki a 2000. Doka a lokacin ta ce mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da dala 1,000 ba a zaɓe guda, sai kamfen ɗin George ƙarami ya tara wasu mutane da aka sa wa suna Pioneers, kowannensu ya ɗauki alkawarin haɗo dala 100,000, wato ya nemo aƙalla mutum ɗari daga abokansa da abokan kasuwancinsa. Wa zai iya tara irin waɗannan in ba wanda ya gaji jerin sunaye ba? Ba kuɗi kaɗai ya gada ba har da mutane. Dick Cheney ministan tsaron babansa ne ya zama mataimakinsa, Colin Powell da ya jagoranci hafsoshin soja a yaƙin Gulf na 1991 ya zama sakataren harkokin waje, Condoleezza Rice ta yi aiki a majalisar tsaro ta uban, Andrew Card ministan sufurin uban ya zama shugaban ma'aikatan fadar ɗan, Robert Gates da ya riƙe wa uban CIA ya dawo ministan tsaro a 2006. Da zaɓe ya cije a Florida kuwa, jihar da ƙanensa Jeb ke gwamna, wanda aka tura ya jagoranci faɗan ƙirga ƙuri'a shi ne James Baker, aminin uban kuma tsohon sakataren harkokin wajensa. Jeb ya janye kansa daga kwamitin tabbatar da sakamako, wannan gaskiya ne ki rubuta shi, amma jami'ar da ke kula da zaɓen jihar, Katherine Harris, tana cikin shugabannin kamfen ɗin Bush a Florida. Ƙuri'a 537 ce ratar, kotun ƙoli ta tsayar da sake ƙirge ranar 12 ga Disamba da alƙalai biyar kan huɗu, alhali abokin karawarsa Al Gore ya fi shi yawan ƙuri'un jama'a a ƙasa baki ɗaya da sama da rabin miliyan. Babi guda cur kenan kin samu, kuma duk a rubuce yake a takardun kotu.

Wani abin da za ki so, a 1994 'yan uwan biyu suka tsaya gwamna rana ɗaya, George a Texas, Jeb a Florida, kuma Jeb ake wa kallon mai natsuwa da karatu wanda zai gaji uban. Sai George ya kayar da gwamna mai ci Ann Richards, Jeb ya faɗi da ƙyar, bai samu ba sai 1998. Shekara huɗun nan su suka canza wanda ya zama shugaban ƙasa a gidan.

Ta fuskar mata kuma a nan kina da biyu, uwar miji da matar ɗa, kowacce da salonta. Barbara ta kafa gidauniyar yaƙi da jahilci a cikin iyali a 1989, abin da ya samo asali daga wahalar karatu da ɗanta Neil ya sha yana yaro. A shekarar ta je wani gidan kula da yara masu cutar ƙanjamau a Washington ta rungumi jariri a gaban kyamara, a lokacin da mutane ke tsoron ko taɓa mai cutar. Ra'ayinta kan zubar da ciki ya saɓa da na jam'iyyar mijinta amma ta haɗiye shi har suka bar fada sannan ta faɗa. Tana da nata tuntuɓen fa, a 2005 bayan guguwar Katrina ta je inda aka tsugunar da waɗanda suka rasa gidajensu a Houston ta yi maganar da ke nuna wai dama talakawa ne don haka zaman ya yi musu daidai, mutane suka ji haushi sosai kuma suna da gaskiya. Ita da Abigail Adams ne kaɗai a tarihin ƙasar suka zama matar shugaba kuma uwar shugaba, sai dai Abigail ta rasu a 1818 kafin ɗanta ya hau a 1825, Barbara kuwa da idonta ta gani.

Laura malamar firamare ce kuma ma'aikaciyar laburare, mai sanyin magana, ta fara bikin littattafai na ƙasa a Satumba 2001 kwana uku kafin harin 11 ga wata. Amma abin da nake so ki sa wa ido shi ne ranar 17 ga Nuwamba 2001, ranar da aka ba ta jawabin rediyo na mako mako da shugaban ƙasa ya saba yi, ta yi shi gaba ɗaya ita kaɗai, karo na farko da matar shugaba ta yi haka, kuma a kan halin da matan Afghanistan ke ciki ƙarƙashin Taliban ta yi magana, ana tsakiyar ruwan bama-bamai a ƙasar. Wasu na ganin ta tsaya wa mata ne da zuciya ɗaya, wasu na ganin an ari muryar mace mai taushi ne aka yi wa yaƙi kwalliya, ni ina ganin duka biyun sun faru a lokaci guda, kuma irin wannan muhawarar ce ke sa furojet ya yi nauyi. Jacqueline ba ta taɓa shiga harkar manufofin gwamnati a fili haka ba.

In malaminki mai son a taɓo gida ne, duka biyun suna da hanya. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai wa Kennedy ziyara a Yuli 1961 har ya yi jawabi a majalisar dokokin Amurka, kuma shirin Peace Corps da ya turo matasan Amurka koyarwa a makarantun Ghana da Najeriya da Nijar surukin gidan ne ya fara shugabantarsa, Sargent Shriver mijin Eunice ƙanwar John, kinga nan ma gidan ne. A ɓangaren Bush akwai shirin PEPFAR na 2003, dala biliyan 15 a shekara biyar don yaƙi da ƙanjamau, Najeriya na cikin ƙasashe 15 da aka fi mayar da hankali a kansu, George ƙarami ya zo Abuja a Yuli 2003, Laura kuma ta zo a Janairu 2006 bayan ta halarci rantsar da Ellen Johnson Sirleaf a Laberiya ta biya ta Ghana. Mutane da yawa a asibitocinmu maganin wannan shirin ya riƙe su. Hannun da ya sa hannu kan wannan shi ya sa hannu kan yaƙin Iraƙi, kada ki ɓoye ko ɗaya.

Maganar kayan aiki kuwa, a nan Kennedy ya fi sauƙi ba musu. Laburarensa da ke Boston ya zuba hotuna da wasiƙu da sautin murya a intanet kyauta, ga hirar da Jacqueline ta yi da masanin tarihi Arthur Schlesinger a 1964 wadda aka ɓoye sai 2011 aka fitar, a ciki za ki ji ta ba sanyin nan na talabijin, tana yanka manyan mutane da baki. Sai dai sauƙin ma tarko ne, an rubuta komai an sake rubutawa, kuma da yawan littattafan farko na hannun daman gidan ne suka rubuta su. Na Bush a laburare biyu suke, na uban a College Station na ɗan a Dallas, kuma saboda dokar 1978 da ta mayar da takardun shugabanni mallakar gwamnati tun daga kan Reagan, ana ta buɗe su a hankali, wasu na tsaro har yanzu a rufe suke. Za ki fi shan wahala kaɗan, za ki ƙona data, amma rahotannin kuɗin kamfen na hukumar zaɓen tarayya a buɗe suke kowa na iya dubawa.

Ƙarshen gidajen ma ya bambanta kuma zai shafi babinki na ƙarshe. A 2013 aka tambayi Barbara a talabijin ko Jeb zai fito, ta ce ƙasar ta ga 'yan Bush ya isa haka, akwai wasu gidajen. Bai ji ba, daga baya ma ita ta fito cikin sanyin New Hampshire tana taya shi kamfen tana da shekara 90. Ƙungiyar da ke mara masa baya ta tara sama da dala miliyan 100, Trump ya mayar da sunan gidan abin zagi a kan dandamali, Jeb ya janye a Fabrairu 2016 bai ci jiha ko ɗaya ba. Ɗansa George P. ya bi Trump sau da ƙafa duk da haka Trump ya goyi bayan Ken Paxton, Paxton ya kayar da shi a fidda gwanin kujerar babban lauyan jihar Texas a 2022. Labari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe, kina iya nuna abin da ya gina gidan da abin da ya rushe shi, wato ranar da masu zaɓe suka daina jin maganar masu ba da kuɗi. Na Kennedy kuwa bai rufu ba. Joe Kennedy na uku, jikan Robert, ya faɗi a hannun Ed Markey a fidda gwanin sanata a 2020, karo na farko da ɗan gidan ya sha kaye a Massachusetts, Caroline 'yar John ta yi jakada a Japan da Ostireliya, sannan Robert ƙarami, ɗan Robert ɗin da aka harbe, ya bar jam'iyyar kakanninsa ya zama ministan lafiya a gwamnatin Trump a 2025 bayan 'yan uwansa na jini sun fito fili sun yi tir da takararsa. Abu ne da ke motsi har yanzu, kina rubutawa yana canzawa.

Saboda haka ƙanwata ki ɗauki Bush. Zuriya huɗu, shugaban ƙasa biyu, gwamna biyu, matan shugaba biyu da za ki jera ki gwada, da hanyar kuɗi da ta mutane da za ki iya zanawa a takarda ɗaya ki ajiye gaban malaminki. Sharaɗi ɗaya ne zai sa in ce ki koma Kennedy, in kin yarda ki sauya tambayar ta koma yadda mace ke gina sunan gida da hoto da talabijin, toh a nan babu kamar Jacqueline, ki tsaya kan 1961 zuwa 1963 kawai, ki haɗa da shayin Rose na 1952, kada ki kuskura ki leƙa maganar waye ya yi harbin. In kuma can ƙasan ranki abin da kike so shi ne matar shugaba da ta riƙe aikin gwamnati da hannunta, duka gidajen biyu ba su ne wurin ba, ki koma wurin malamin ki roƙe shi ya bar ki ki yi Eleanor Roosevelt ko Hillary Clinton, wannan kuma wani furojet ne daban.

In kin amince da Bush ɗin, kafin ranar Litinin ki samu babbar takarda ki rubuta sunayen ministoci da manyan ma'aikatan uban na 1989 zuwa 1993 a hagu, na ɗan na 2001 zuwa 2009 a dama, ki ja layi tsakanin duk sunan da ya fito sau biyu, ki ɗauki hotonta ki turo min ta WhatsApp mu duba tare kafin ki kai masa.